Yadda Ake Ajiye Tabar Sigar a Yanayin Damagaram

Tabar sigar ita ce babbar tabar nan da ake naɗewa da ganyen taba zalla, babu takarda a jikinta, babu auduga a bakinta, kuma ta bambanta da sigarin da ake sayarwa kara-kara a tebur. Masu mu'amala da ita a Damagaram ba su da yawa: ɗan kasuwar da yake sauke baƙi daga waje, ma'aikacin otel, ko wanda aka kawo wa kwali ɗaya tsaraba daga Yamai, Kwatano ko Dubai. Amma kusan duk wanda ta taɓa shiga hannunsa a garin nan ya ga abu guda, wato karan da ya iso da laushi da sheƙi, kafin kwana goma ya zama kamar busasshen karan dawa. Na yi shekaru ina kula da ɗakin ajiyar kayan wani maigidana, kuma kwalin farko da aka damƙa mini, mai kara 25, a watan Janairu ya iso. Na sa shi a durowa, hunturu ya tsattsage shi, sai na yayyafa masa ruwa yadda na ga masu goro suna yi. Wasu karan suka kumbura suka fashe, sauran kuma suka yi fumfuna. Daga wannan asarar na fara neman sanin abin, kuma shi ne nake so in shimfiɗa a nan bi da bi.

Mai sayar da goro ya san cewa daushe ba goron da aka manta da shi a lungu ba ne. Goro ne da aka yi ta buɗe huhunsa, ana sake masa ganye, ana tsince mai sankara, har ya shekara yana ƙara daraja. Haka sigar take. Daɗewa ba ta cika cutar da ita ba, har ma takan gyara ta, amma da sharaɗin ta daɗe a yanayi ɗaya da ba ya hawa yana sauka. Wahalarmu a nan ita ce shekararmu ta ƙunshi yanayi uku masu adawa da juna: ɗari mai busar da komai, bazara mai zafin da ya kai digiri 40 a Afrilu da Mayu, da damina mai laima a Agusta. Yawancin shawarwarin da ake samu an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi, don haka dole a sake auna su da ma'aunin ƙasarmu.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Ajiya tana gyara ƙanshi da ɗanɗano, amma ba ta cire guba. Sigar da ta shekara goma tana ɗauke da nikotin, kuma hayaƙinta yana jawo ciwon daji na baki, maƙogwaro, maƙoshi da huhu ko da mutum bai zuƙe shi zuwa ƙirji ba. Nijar tana da dokar yaƙi da shan taba tun shekarar 2006, wadda ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Wannan bayani na wanda kayan suka riga suka shiga hannunsa ne, a matsayin amana ko haja.

Mataki na farko: ka san abin da kake ajiyewa

Kowane kara yana da sassa uku. Akwai cikon da yake tsakiya, wanda yawanci haɗin ganye iri biyu zuwa huɗu ne, akwai ganyen ɗamara da yake riƙe cikon, sannan akwai riga, wato siririn ganyen waje mai santsi wanda ido yake fara gani. Rigar ce ta fi tsada, ita ce kuma ta fi rauni. Ana noman mafi shaharar ganye a yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río a Kuba, da kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominika, da Estelí a Nikaraguwa, kuma ɗaya daga cikin rigunan da ake ji da su a duniya daga gabashin Kamaru take fitowa. Rigar Kamaru siririya ce ƙwarai, ita ce take fara tsagewa idan iska ta bushe. Bayan an girbe ganyen ana shanya shi a rumfa na makonni, sannan a tara shi tuli-tuli ya yi zafi da kansa ya ruɓa kaɗan, kamar yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. A wannan aikin ne launinsa yake nuna, kaifinsa yake raguwa.

Ganyen taba yana shan laima daga iska, yana kuma mayar mata. Idan kara yana cikin ƙoshin lafiya, kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma ana samun haka idan laimar iskar da ke kewaye da shi tana tsakanin kashi 65 da 70. Kamfanin Habanos, wanda yake fitar da sigar Kuba, yana ba da shawarar wannan laima tare da zafi na digiri 16 zuwa 18. A ɗari da farkon bazara laimar iskarmu takan sauka ƙasa da kashi 20. Wannan tazarar ita ce take kashe kaya.

Da kwali ya iso, ka juya shi ka duba ƙasansa. Kwalayen Kuba suna ɗauke da hatimin wata da shekarar da aka cika su, da gajerun sunayen watanni na Sifaniyanci, misali ENE na Janairu ko AGO na Agusta, sai lambobi biyu na shekara. Ka rubuta wannan a littafi tare da ranar da kayan suka zo hannunka. Sannan ka ɗauki kowane kara ka matsa shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuni. Mai lafiya yana lotsawa kaɗan ya koma yadda yake. Wanda ya bushe yana da tauri kuma za ka ji ƙaras-ƙaras, wanda ya sha laima da yawa kuwa yana da taushi kamar soso. Ka duba ko akwai ƙananan huji kamar na allura, ka kuma ƙwanƙwasa bakin da ake kunnawa a kan farar takarda: idan gari mai ruwan ƙasa ya zubo, ƙwaro ya riga ya shiga.

Mataki na biyu: kashe ƙwan ƙwaro kafin komai

A ƙasashen sanyi wannan mataki ganin dama ne, a wurinmu kuwa wajibi ne. Ƙwaron taba ɗan ƙarami ne mai launin jan ƙasa, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, kuma ƙwansa yana iya zuwa a cikin ganyen tun daga masana'anta. Ƙasa da digiri 18 da ƙyar yake hayayyafa, amma da zafi ya haura digiri 22 zuwa 24, musamman tare da laima, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta cin ciki tana haƙa hanya, har ta girma ta huda riga ta fito. Ɗakunanmu suna sama da wannan zafin a mafi yawan watannin shekara, wato abin da ƙwaron yake so shi ne abin da muke da shi. Kara ɗaya mai ƙwaro yana iya lalata kwali gaba ɗaya, daidai da yadda wake ɗaya yake ɓata miya.

Maganinsa sanyi ne. Ka sa karan a leda mai zif, ka matse iskar ciki, ka sa wannan ledar a cikin wata. Ka ajiye a firiji kwana ɗaya, sannan ka mayar firiza mai sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri na kwana uku cur, sannan ka sake mayarwa firiji kwana ɗaya, sannan ka fitar ka bar ledar a rufe a ɗaki har ta daina sanyi. Amfanin kwanakin firijin shi ne kada ganyen ya tashi daga zafi zuwa ƙanƙara farat ɗaya ya tsage, amfanin barin ledar a rufe kuma shi ne raɓar da take taruwa ta tsaya a bayan leda, kada ta taɓa riga. Idan an ɗauke wuta na tsawon lokaci har kayan firizar suka saki, ka sake ƙirga kwana ukun daga farko. Shi ya sa na fi son a nemi firizar da take aiki da hasken rana, ko ta wanda yake sana'ar ƙanƙara, muddin dai ba a ajiye kifi ko nama a cikinta. Duk sabon kayan da ya shigo, sai ya bi ta wannan hanya kafin ya haɗu da tsoho.

Mataki na uku: zaɓen mazubi

Akwatin katako mai ƙyalli da ake gani a hotuna yana da kyau a ido, amma ra'ayina, bayan na gwada, shi ne bai dace da hunturunmu ba sai in mai tsada ne sosai wanda murfinsa yake kamawa gam. Katako yana numfashi, kuma idan iskar waje tana kashi 15, laimar ciki tana zurarewa dare da rana. Abin da ya fi riƙo shi ne mazubin da iska ba ta ratsa shi: robar abinci mai murfi da zoben roba da maɗaurai huɗu, ko kwalbar gilashi mai irin wannan murfi, ko kula sabuwa idan kwalaye suna da yawa. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙanshi, a bar shi a buɗe a inuwa kwana biyu ko uku har warin roba ya fita. Wanda aka taɓa zuba yaji, daddawa ko man shanu a ciki ba ya gyaruwa, a nemi sabo.

A shimfiɗa a ciki siraran katakon da suke zuwa a cikin kwalin sigar, ko a sa kwalin da kansa idan zai shiga. Wannan katako na itacen da masana suke kira Cedrela odorata ne, wanda asalinsa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Yana shan laima idan ta yi yawa, yana sakinta idan ta ragu, yana kuma ba ganyen wani ɗan ƙanshi mai daɗi. Dangin maɗaci da bedi ne, amma kada wannan zumuncin ya sa a ba kafinta maɗaci ko bedi ya yi akwati, domin warinsu da ɗacinsu daban ne. Wanda ya riga ya mallaki akwatin katako, to kada ya zuba kaya a ciki yana busasshe, domin katakon zai tsotse ruwan karan. A sa ƙaramin kwano da tataccen ruwa, wato zallan ruwa marar asid irin wanda ake ƙara wa batirin mota, a ciki, a rufe har kimanin mako biyu, ba tare da an goge katakon da jiƙaƙƙen tsumma ba, saboda hakan yana sa ya kumbura ya karkace.

Mataki na huɗu: ma'auni da gwajin gishiri

Ba a ajiyar sigar da ƙiyasi. Ana bukatar ƙaramin ma'auni mai batir wanda yake nuna laima da zafi tare. Amma ma'aunin ma yakan yi ƙarya, don haka sai an gwada shi. Ka cika murfin kwalba da gishirin gari mai tsabta, ka ɗiga ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ba tare da ya narke ba. Ka sa shi tare da ma'aunin a cikin kwalba ko leda mai rufuwa, ka bari kwana ɗaya a wurin da zafi ba ya sauyawa sosai. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da laima a kashi 75. Idan ma'aunin ya nuna 71, ka san kullum za ka ƙara 4 a kan abin da ya faɗa, ka rubuta haka ka manna a bayansa. Kada a yi gwajin da gishirin Balma ko wanda ya gauraya da kanwa, domin sauran ma'adinan da ke cikinsu suna iya sauya sakamakon.

Mataki na biyar: samar da laima

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙunshin laima irin na kamfanin Boveda, wanda yake sakin danshi idan ya ragu, yake kuma tsotse shi idan ya yi yawa. Ana yin su da lambobi dabam-dabam, kamar 62, 65, 69 da 72. A garinmu na fi son 65, kuma dalilina shi ne zafi: laimar kashi 70 da ba ta da illa a digiri 18 tana zama gayyata ga fumfuna da ƙwaro a digiri 30. Ƙunshin ba ya bukatar komai, sai dai idan ya yi tauri kamar kwali a sauya shi.

Idan ba a samu ba, a yanki sabon soso ƙarami, a jiƙa shi da tataccen ruwa, a matse sosai, a sa a ɗan kofin da ba zai taɓa kara ba. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota yana yi, amma a tabbatar zallan ruwan ne, ba wanda aka haɗa da asid ba. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da ma'adinai da ƙwayoyin fumfuna. Aibin soso shi ne bai san ya isa ba, kuma a rufaffiyar roba yana iya kai laima sama da kashi 80 cikin dare ɗaya. Saboda haka mai amfani da shi dole ya duba ma'auni kullum, ya cire soson da an kai 66 ko 67, ya mayar idan an sauka 62. A watan Agusta sau da yawa ba a bukatarsa ko kaɗan.

Mataki na shida: yaƙi da zafi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa. Laima tana sayuwa da kuɗi kaɗan, amma digiri 18 a watan Afrilu ba ya samuwa sai da wutar da ba ta yankewa. Firijin gida ba mafita ba ne, domin sanyinsa na kusan digiri 4 ne, iskarsa busasshiya ce, ga warin abinci. Ɗaki mai na'urar sanyi da ake kunnawa da dare a kashe da safe shi ma yana da illa idan mazubin yana fili, saboda a rufaffen wuri laima tana hawa idan zafi ya sauka, tana sauka idan ya hau, kuma ganyen yana ta kumbura yana motsewa har rigar ta gaji ta tsage. Digiri 27 da ya tsaya cak ya fi 20 da dare, 38 da rana.

Don haka abin nema shi ne wurin da ya fi kowane sanyi da kwanciyar yanayi a gidan. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu kaurin bango, irin na cikin Birni, sun fi ɗakin bulo mai rufin kwano nesa ba kusa ba. A ajiye a ƙasa, ba a saman kabad ba, a nesa da taga da bangon da rana take duka da yamma. A sa robar a cikin kula, a cike gefenta da tsofaffin tufafi masu tsabta, domin zafin rana ya daɗe bai ratsa ba. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya da masu kayan lambu suke yi: babbar tukunyar ƙasa, ƙarama a cikinta, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. A lokacin da iska take bushe tana sauke zafi sosai, kuma ana iya sa kwalbar gilashi mai rufuwa gam a cikinta, muddin ruwa ba zai sami hanyar shiga ba kuma akwai ƙunshin da zai tsotse rarar laima. Da damina ta kankama wannan dabarar ba ta aiki yadda ya kamata, sai a koma kula.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce wanda ba shi da hanyar riƙe kaya ƙasa da digiri 25 a bazara, bai kamata ya yi niyyar ajiyar shekaru ba. Ya riƙe kaɗan, gwargwadon abin da zai fita a watanni. Zafi yana hanzarta sauyin ganye, amma nunar gaggawa ce irin ta mangwaron da aka turara: ƙanshin yana tashi ya tafi kafin ɗanɗanon ya haɗu.

Sai kuma maganar wari. Ganyen taba yana kama duk abin da yake kusa da shi. Turaren wuta, humra, kafur da ake sa wa tufafi, fetur, kalanzir da hayaƙin murhu duk suna shiga, kuma in sun shiga ba sa fita. Kada a buɗe mazubin a ɗakin da aka turara, kada kuma a taɓa kara da hannun da aka shafa wa turare. Sigar da aka yi wa ƙanshin vanila ko kofi a masana'anta, a ware mata mazubinta.

Mataki na bakwai: duba na yau da kullum da karanta alamu

Sau ɗaya a mako ko mako biyu a buɗe, a bar iska ta sauya na ɗan lokaci, gajere ƙwarai a ɗari. Sau ɗaya a wata a juya kayan, na ƙasa su dawo sama, na kusa da ƙunshin laima su koma nesa. A rubuta laima da zafi a littafi. A wannan dubawar ne ake karanta abin da rigar take faɗa.

Idan ta dushe, ta rasa sheƙi, gefenta ya fara ɗagowa, bushewa ce. Irin wannan kara yana ci da sauri, da zafi, da ɗanɗanon ƙonanniyar ciyawa. Idan bakin kunnawa ya buɗe ya tsage, karan ya yi nauyi da taushi, laima ce ta yi yawa, domin ciko ya kumbura ya fi ƙarfin riga, kuma wannan yana wuyar ja, yana yawan mutuwa, yana da ɗaci da tsami. Idan gefe ɗaya ya koɗe, hasken rana ne ya taɓa shi. Ƙananan ɗigo masu kore ko fari-fari da suke shafe a jikin ganyen, ba su da tudu kuma ba sa gogewa, tun daga gona ko rumfar shanya suke, ba su da wata illa. Fumfuna kuwa tana da gashi-gashi, tana fitowa tsibi-tsibi, fara ko shuɗiya ko koriya. Wasu masu ajiya suna cewa farar ƙurar da take fitowa a tsohon kara alamar nuna ce, amma ni ina ɗaukar duk wani fari mai tudu a matsayin fumfuna. Idan a riga kawai take kuma fara ce, a goge da busasshen ƙyalle mai laushi, a ware karan, a wanke mazubin, a rage laima. Idan ta shiga bakin kunnawa, ko mai launi ce, a zubar.

Karan da ya bushe ana iya farfaɗo da shi, amma da haƙuri. A fara da laimar da ke ƙasa da 60 idan ya bushe ƙayau, sannan 62 na mako biyu, sannan 65, har a kwashe wata ɗaya ko biyu. Kuskurena na farko shi ne gaggawa, domin ciko da riga ba sa shan ruwa da sauri ɗaya. Laushin yana dawowa, amma man ganyen da ya riga ya tashi ba ya dawowa, don haka wanda ya yi watanni a bushe zai koma da siffarsa, ba da cikakken ƙanshinsa ba.

Mataki na takwas: abin da shekaru suke yi, da lokacin da za a tsaya

Kayan da suka sha tafiya suna bukatar hutun mako biyu zuwa huɗu kafin a yi musu hukunci. Sabon naɗi sau da yawa yana fitar da warin amoniya, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tulin daddawa mai nuna zai gane shi, mai shiga hanci da kaifi. Wannan ba lalacewa ba ce, ragowar aikin ruɓar ganye ne, kuma yana gushewa cikin watanni zuwa shekara idan ana buɗe mazubin a kai a kai. Daga nan ne ganyayen ciki, waɗanda aka ɗebo daga sassa dabam-dabam na shukar, suke fara saje da juna. Yajin da yake karce maƙogwaro yana kwanciya, ɗaci yana raguwa, ƙanshin itace, fata, koko ko zuma yana fitowa fili, wutar ma tana ci daidai. Masu sana'ar sun san darajar wannan: a Kuba, wadda aka rubuta wa Reserva an ajiye ganyenta aƙalla shekara 3 kafin naɗi, Gran Reserva aƙalla shekara 5, Añejados kuwa an ajiye ta a naɗe cikin kwali shekara 5 zuwa 8.

A ido ma ana ganin sauyi, amma kaɗan ne. Launukan da ake rubutawa a jikin kwali, daga claro mai haske, zuwa colorado mai ja-ja, zuwa maduro mai duhu da oscuro da ya kusa baƙi, tun daga irin ganye da yadda aka sarrafa shi suke, kuma ajiya ba ta mayar da claro ya zama maduro. Abin da take yi shi ne rigar ta ɗan ƙara duhu da maiƙo, karan ya ɗan motse har zoben takardar da ke wuyansa ya yi sako-sako, siririyar ledar da aka sa shi a ciki tun daga masana'anta kuma ta koma ruwan zuma saboda man da ta sha. Wannan ledar ba sai an cire ta ba, domin laima tana ratsa ta, kuma tana kare riga daga gogayya. Kwalin da aka bari a rufe yadda ya zo ya fi tafiya a hankali, ya kuma fi riƙe ƙanshi, fiye da karan da aka baza a fili cikin mazubi.

Ba kowace sigar ce take ƙaruwa da daɗewa ba. Mai ƙarfi, mai kauri, mai yawan mai ita ce take da abin da za ta bayar bayan shekara uku ko biyar. Mai sauƙi tun asali takan yi lami da wuri, ta koma ba ta da wani ɗanɗano sai na takarda, kuma wadda aka yi da mugun ganye ko ta shekara ashirin muguwa ce. A yanayinmu mai zafi duk waɗannan lokuta suna gajarta. Hanyar ganewa ita ce a fitar da kara ɗaya daga kwalin duk bayan wata shida, a shinshina bakinsa ba a kunna ba, a kwatanta da abin da aka rubuta a littafi a karon baya, in kuma mai kayan yana sha, a rubuta abin da ya ce. Idan ƙanshin ya fara raguwa sau biyu a jere, kwalin ya kai iyakarsa, sai a sanar da mai shi. Karan da za a fita da shi kuma, ko zuwa wata unguwa ne, a sa shi a bututun da ya zo a ciki, in yana da shi, ko a ƙaramar leda mai zif tare da ɗan ƙunshin laima, domin a watan Fabrairu sa'o'i kaɗan a aljihu ko a cikin motar da aka ajiye a rana sun isa su tsage rigar da aka yi shekara biyu ana tattalinta.